Kwana uku a motar gida a bakin tafkin Guntersville: daga kama fili har zubar da tanki

Duk wanda ya ɗan zauna a Amurka ya sha ganin motocin nan a babban titi, wasu kaman doguwar bas, wasu kuma tirela ce a-kori-kura ke ja, ciki da gado da kicin da banɗaki har da firji. Su RV suke ce mata, ni dai motar gida nake cewa. Mu namu yawanci daga nesa muke kallo muna cewa harkar tsofaffin Turawa ce da suka yi ritaya, wani ma cewa yayi shi da ya sha kwana a tsakar gida lokacin zafi dan babu wuta, me zai sa ya biya dala ya je ya kwana a waje. Toh gaskiya ne, amma wanda ya taɓa tashi da asuba ya buɗe ƙofa yaga hazo kwance kan ruwa, barewa na kiwo kusa da tayar motarsa, yara na bacci ba hayaniyar kowa, zai gane inda kuɗin ya tafi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: fili ake fara kamawa kafin mota. Mafi yawan wahalar sabon shiga ba daga tuƙi take zuwa ba, daga filin da ya zaɓa ne, ko wutar wurin bata dace da motar ba, ko babu bututun ƙazanta, ko motar tafi filin tsawo.

Wurin da kansa

Guntersville, a baki kaman Gantasbil, ƙaramin gari ne a arewacin Alabama, gundumar Marshall, mutanensa basu kai dubu 9 ba. Hukumar TVA mai kula da kogin Tennessee da wutar lantarkin yankin, wadda gwamnatin Roosevelt ta kafa a 1933, ita ta datse kogin Tennessee a nan ta gama dam ɗin a 1939, ruwa ya taru ya zagaye garin ta gefe uku. Tafkin shine mafi girma a Alabama, kusan eka 69,000, tsawonsa wajen mil 75, in kana son kwatance yafi Tiga amma bai kama ƙafar Kainji ba. Sunansa a duniyar masunta ya fito ne saboda wani kifi mai ƙaton baki da suke kira bass, har babbar gasar nan ta Bassmaster Classic an yi ta a kan ruwan a 1976 da 2014 da 2020, shi yasa tun kafin gari ya waye zaka ji injin jirage suna ta tashi.

Daga Huntsville mil 40 ne ko ƙasa kaɗan ta hanya mai lamba 431. Daga Atlanta kuwa kusan awa uku a motar gida, ka bi I-20 zuwa Oxford ka kama 431 ta Gadsden, Boaz, Albertville sai ka gangaro. Kana shiga Alabama daga Jojiya agogo zai koma baya da awa ɗaya, ka tuna da wannan wajen lokacin sallah da kuma lokacin da aka ce ka iso sansani, wato wurin da ake fakin motar gida a kwana.

Mataki na farko, lokaci

Oktoba zuwa farkon Nuwamba shine zaɓina, ba zafi ba sauro sosai, ganyen tsaunuka ya koma ja da ruwan ɗorawa. Yuli da Agusta zafi yana kai digiri 32 ko fi, kuma ba irin busasshen zafin Kano bane, mai gumi ne irin na Legas, esi baya hutawa. Maris zuwa Mayu wurin yafi kyau a ido kuma kifi yafi kamuwa, amma shine lokacin mahaukaciyar guguwa, zan dawo kan wannan dan ba abin wasa bane. Janairu da Fabrairu sanyi kan kai ruwa ya daskare a tiyo da dare, sai dai a lokacin ne gandun jiha na bakin tafkin, Lake Guntersville State Park, ke shirya ƙarshen makon kallon gaggafa mai farin kai, wadda ke jikin tambarin Amurka.

Hutun ƙarshen Mayu, 4 ga Yuli da Litinin ɗin farko ta Satumba, in baka kama fili da watanni ba kar ma ka wahalar da kanka.

Mataki na biyu, wane sansani

Fili iri uku ne. Akwai wanda ba komai sai ƙasa da tebur da murhu. Akwai mai wuta da ruwa. Sai mai jone uku, wuta da ruwa da ramin bututun ƙazanta a nan gefen motarka. In karonka na farko ne kuma da iyali kake, mai jone uku zaka nema, kar wani ya ruɗe ka da cewa ai bambancin 'yan daloli ne ka rage kuɗi. Mu masu alwala sau biyar da wanka da wanke-wanken tukunya, tankin ruwan datti kwana ɗaya ko biyu ya cika, kuma in ba rami a filinka sai ka kwance komai ka tuƙa motar zuwa wurin zubarwa ka dawo ka sake fakin daga farko.

Lake Guntersville State Park nan zan tura duk sabon shiga. Gandun jiha ne, kusan eka 6,000, kaman mil 6 daga gari ta hanyar 227, sansanin yana ƙasa a bakin ruwa da filaye sama da 250, akwai ɗakunan wanka, wurin wanki da inji, ɗan kanti, wurin wasan yara da bakin ruwa mai yashi. Can saman tsaunin Taylor akwai masauki da gidan abinci, ko baka ci komai ba ka hau da yamma ka tsaya a barandar ka kalli tafkin. Aibinsa ɗaya inuwa. Ranar 27 ga Afrilu 2011 guguwa ta bi ta kan gandun ta kwashe dubban bishiyoyi, sansanin da da yake cikin kurmi ya koma fili fetal, an sake dasawa amma bishiya ba a rana ɗaya take girma ba. Dan haka in da zafi zaka je buɗe hoton tauraron ɗan adam a Google Maps ka duba lambar filin da idonka kafin ka biya. Buking ɗin a alapark.com ake yi.

A cikin gandun dai, gaba kan 227, akwai Town Creek, wurin masunta ne da masu tanti, ana bada hayar ƙananan jirage. Ka je yini, amma kwana a motar gida karon farko ba nan ba.

Honeycomb sansanin TVA ne a bakin ruwa, kan 431 tsakanin Huntsville da Guntersville, mai zuwa daga Huntsville baya buƙatar hawa tsaunin 227. Ka kira su ka tambayi abu biyu, ko suna buɗe a watan da kake so, da kuma ko filin da zasu baka yana da ramin ƙazanta.

Goose Pond Colony yana Scottsboro, kaman mil 30 ta hanyar 79, na hukumar garin ne, da tashar jirage da filin golf da gidan abinci. Amfaninsa kana kusa da kantuna, in madarar yaro ta ƙare ba sai ka yi doguwar tafiya ba. Akwai kuma na 'yan kasuwa irin South Sauty a Langston da Riverview kusa da gari, a irin waɗannan zaka tarar wasu filayen masu zaman wata da watanni ne suka riƙe, har da 'yar baranda da tukwanen fure.

Biyu kuma ba a bakin tafkin suke ba amma suna kusa. Cathedral Caverns, ƙaramin sansani gefen wani kogo da bakinsa ya kai ƙafa 126 a faɗi, cikinsa sanyi kusan digiri 15 rani da damina. Sai Buck's Pocket, can cikin kwazazzabo, wanda mutanen Alabama ke tsokana cewa nan 'yan siyasar da suka faɗi zaɓe ke zuwa su yi jinyar zuciya, da a gida ne da tuni ya cika. Hanyar gangarawa ciki tana da tsauri, bana bawa mai doguwar mota da bai saba ba shawara.

Kafin ka danna biya duba abu huɗu a shafin filin: tsawonsa ƙafa nawa, wutar amfiya 30 ce ko 50, akwai ramin ƙazanta ko babu, sannan irin wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba ne ko sai an yi ribas. In akwai na shiga-ka-wuce kama shi, zai raba ka da faɗa da uwargida.

Mataki na uku, motar

Yanzu da ka san filinka sai ka nemi motar da ta dace dashi. Cruise America kamfani ne mai motocinsa, Outdoorsy da RVshare kuma wurin masu mota ne ke bada tasu haya. Nemi wadda suke kira Class C, mai gado a saman kan direba, ƙafa 24 zuwa 28, tana ɗaukar iyali mai mutum biyar ko shida kuma tuƙinta kaman na motar kwasar kaya ne. Lasin ɗinka na ƙaramar mota ya isa tunda nauyinta bai kai fam 26,000 ba. Shekaru yawanci 25 suke so, wasu kamfanonin su yarda daga 21.

Kuɗin da ka gani a gaba ba shine kuɗin ba. Tambayi mil nawa aka baka kyauta a rana da nawa ake caji in ka wuce, kuɗin awar janareta, inshora, kuɗin ajiya da zasu riƙe a katinka, da tarar da zasu ci ka in ka dawo da tanki ba'a zubar ba. Mai kuma tana sha kaman raƙumi, galan ɗaya mil 8 zuwa 10, kaga Atlanta zuwa da dawowa galan 30 ne da ɗoriya.

Ranar karɓa kar ka yi sauri. Sa mai motar ya nuna maka komai kana ɗauka a bidiyo, yadda ake kunna gas, hitar ruwa, fitar da rumfa, buɗe bawul ɗin tankuna. Zagaya ka ɗauki hoton duk wani ƙarce. Tabbatar na'urar hayaƙi da ta iskar gas suna aiki. Sannan tambayi tsayin motar, yawanci ƙafa 11 zuwa 12, rubuta a takarda ka manna gaban sitiyari saboda rufin gidan mai da rassan bishiya da layin sayen abinci ta taga, wanda daga yau ba naka bane.

Kayan da lallai su kasance ciki: farin tiyo na ruwan sha, ɗan ƙarfen rage ƙarfin ruwa, na'urar kare wuta, adafta tsakanin 30 da 50, bututun ƙazanta da gwiwarsa, safar hannu ta roba, weji, da allunan ɗora taya. Naka kuma buta, sallaya, tocila, maganin sauro, takardar gashi ta alminiyom.

Nama ka taho da naka daga Atlanta ko Huntsville inda ake samun na halal, sauran cefane akwai Walmart a garin. Ka kunna firjin tun awanni kafin ka loda dan irin nasu a hankali yake sanyi. Itacen wuta kuma a can zaka saya, basa son a ɗauko daga wata jiha saboda ƙwarin da ke kashe musu bishiyoyi.

Mataki na huɗu, hanya da fakin

Ka lissafa ka isa da sauran rana, la'asar ko kafin nan. Fakin a duhu karon farko azaba ce. Gangaren da ke sauko da kai daga Albertville da kuma kwanonin 227 su ne inda zaka nutsu, sa ƙaramar giya, ka taka birki ka saki, kar ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa sai yayi zafi ya daina ci. Motoci sun taru a bayanka? Samu wuri ka raɓe su wuce, ba tsere kake ba.

Kana isa ofis zasu baka taswira da takardar liƙawa a gilashi. Nan take ka tambaya: in guguwa ta taso ina ake fakewa? Ka je ka ga wurin da ƙafarka.

A filin, sauka ka taka shi tukuna, ka ga inda sandar wuta take da famfo da ramin, duk ta gefen direba ya kamata su faɗo. Kalli sama saboda reshe. Mai yi maka jagora ya tsaya inda kake ganinsa a madubi, da waya a kunne, in ya ɓace daga madubi ka tsaya cak. Maƙwabci zai iya tasowa daga kujerarsa ya zo taimako, haka suke, karɓi taimakon ba raini bane.

Daga nan sai daidaita mota. Zuba ruwa a faranti ka ajiye a ƙasan kicin, inda ya karkata can ne ƙasa, sa alluna ƙarƙashin tayoyin wannan gefen ka hau a hankali, ja birkin hannu ka sa weji. Ba dan daɗin bacci kawai ba, firjin gas in ya daɗe a karkace lalacewa yake.

Wuta: kashe makunnin sandar tukuna, jona na'urar kariya, kunna ka ga fitilunta sun nuna lafiya, sake kashewa, jona motar, sannan ka kunna. Filogin 30 ƙafa uku gare shi, na 50 huɗu. Kuma ka san lissafin, amfiya 30 a kan bolt 120 wat 3,600 kenan gaba ɗaya. Esi kaɗai zai ci wajen 1,500, butar lantarki haka, injin ɗumama abinci ma kusan haka. Ni daren farko esi na aiki, ana ɗumama miya, uwargida ta jona butar shayi, sai ɗif, yara suka kwashe da dariya wai a nan ma an ɗauke wuta. Fita nayi da tocila na tada makunni. Tun daga ranar a kan gas muke dafa shayi.

Ruwa: ƙarfen rage ƙarfi a bakin famfo, sai farin tiyo, sai mota. Ba dan ado ake sa shi ba, bututun cikin motar roba ne, ruwa mai ƙarfi zai fasa shi a bayan bango inda baka gani.

Tankuna, inda kowa ke jin ƙyanƙyami

Biyu ne. Baƙi na masai, toka-toka na wanka da wanke-wanke. Jona bututun a mota da ramin, ɗora wani abu mai nauyi kan gwiwar kar ta yi tsalle. Kuskuren da kusan kowa keyi shine barin bawul ɗin baƙin tanki a buɗe wai tunda akwai rami komai ya wuce. A'a. Ruwan ne zai tsiyaye ya bar sauran ya taru ya bushe kaman dutse, mai motar kuma zai cire kuɗin gyara daga ajiyarka. Bar shi a rufe sai ya kai kashi biyu cikin uku, sannan ka sa safar hannu ka ja bawul ɗin gaba ɗaya, ka saurara har ƙarar ta tsaya, rufe, sai ka ja na toka-toka ruwan sabulu ya wanke bututun. Baƙi kafin toka, kullum.

A nan butarmu ta yi mana rana, tankin nan ruwa yake so, masu amfani da takarda zalla su suka fi samun toshewa. Sai dai namu yafi saurin cika. Kar a jefa audugar goge jarirai ko ƙunzugu ciki ko da an rubuta yana narkewa. Kuma farin tiyon nan kar ya kusanci wannan aikin, ajiye su a jaka daban.

Sama

A wannan rana ta 27 ga Afrilu 2011 guguwa 62 ce ta sauka a Alabama kaɗai, mutum sama da 240 suka rasu. Motar gida a gaban irin wannan iska gwangwani ce. Wayarka zata iya nuna kalma biyu. In ta ce "Tornado Watch", yanayi ne ya nuna tana iya tasowa, naɗe rumfa, kwashe kujeru, sa yara su saka takalmi, waya ta cika da caji. In ta ce "Tornado Warning", an ganta ko na'ura ta hango ta, fita daga motar nan take ku tafi ginin da aka nuna maka, ku shiga can ciki nesa da taga. Da sunan gunduma ake sanarwa, dan haka ka riƙe: Guntersville da gandun jiha Marshall, Scottsboro kuma Jackson. Tana zuwa da dare ma, kar ka kashe ƙarar waya, kuma ƙaramar rediyon yanayi ta NOAA, hukumar hasashen yanayi ta Amurka, mai batir tana aiki inda sabis ya gaza. Nuwamba ma akan samu guguwar. Rumfa kuwa ko ba guguwa, in zaka bar wurin ko zaka kwanta naɗe ta, iskar tafki bata sallama.

Zaman kansa

Alƙibla a nan arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, duba manhaja. Juma'a sai Huntsville, akwai masallaci, kusan awa ɗaya daga gandun. Ƙarfen gashin da ke filin an gasa alade a kai ba adadi, shimfiɗa alminiyom ko ka zo da naka. In kun shiga gari, soyayyar tarwaɗa da garin masara ita ce abincin wurin, Top O' the River ya shahara da ita, amma ganye da wake a Kudu sau da yawa da naman alade ake dafa su, tambaya kafin ka ci.

Kamun kifi sai da lasin ga ɗan shekara 16 zuwa sama, banda mazauna Alabama 'yan 65 zuwa sama, akwai na kwana 7 na baƙi, ana saya a shafin Outdoor Alabama ko a Walmart. Na shekara ranar 31 ga Agusta yake mutuwa ko da jiya ka saya, kar ka sayi shi a tsakiyar Agusta. Yara su sa rigar ruwa ko da a gefen gada suke wasa. Akwai kaska a ciyawa, a duba jikin yara da dare, da jajayen cinnaku masu tulin ƙasa da cizonsu kaman wuta, da macizai masu dafi a duwatsun bakin ruwa, kar a cusa hannu inda ido bai gani ba. Barewa kuma kallo kawai, ba'a basu abinci.

Da rani in magariba ta kusa ku je kogon Sauta kusa da Scottsboro, jemagu dubu ɗaruruwa ke fitowa lokaci ɗaya kaman hayaƙi, ku riƙe lema ko hula, zaku gane dalili.

Ƙarfe 10 na dare yawancin sansanoni shiru ake so, mu kuma hirarmu a lokacin take ɗaukar zafi, a rage murya. Kar a ratsa ta filin wani dan yanke hanya ko da babu shinge, a wurinsu kaman shiga gida ne ba sallama, ka faɗa wa yara tun a mota. Wanda ya ɗaga maka hannu ɗaga masa. Lasin, takardar haya da ta inshora su zauna wuri ɗaya kusa da direba.

Ranar tafiya zubar da tankuna, ɗauraye bututu, kashe makunni kafin ka zare filogi, cire tiyo, naɗe rumfa, kulle firji da duk durowa in ba haka ba kwanar farko ta 227 zata watso maka kwanuka. Sauko daga alluna, kwashe weji, zagaya motar sau biyu, ɗaya kana kallon ƙasa ɗaya kana kallon sama. Cika mai da gas daidai yadda aka baka. In ta Scottsboro zaka bi kuma ba Lahadi bace, tsaya a Unclaimed Baggage, kantin da ke sayar da kayan akwatunan jirgin sama da masu su basu zo nema ba, yi fakin can ƙarshen fili inda zaka fita ba sai da ribas ba.